Rijiyoyi, Kifi da Turaku 148: Tarihin Iyakar Ƙonni

Ɗalibin da ya zauna ajin hulɗar ƙasa da ƙasa, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, shekarar da ake fara sa shi ya haddace ita ce 1648. A nan ne, in ji malamai, sarakunan Turai suka gaji da yaƙin shekara talatin, suka zauna a Westfaliya suka yarda kowa ya ci gashin kansa a cikin iyakarsa. Daga nan sai taron Biyana na 1815, sai kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, sai yarjejeniyar 1961 mai kare alfarmar jakadu. Karatu ne mai amfani. Amma ɗan Ƙonni ko ɗan Malbaza ko ɗan Illelar Adar da ya haddace waɗannan, bai san 1890 da 1898 da 1904 da 1906 ba, an yi masa rowa, domin a cikin waɗannan shekaru huɗu aka yanke ko da Faransanci zai ɗauki darasin ko da Ingilishi, ko sefa zai biya kuɗin rajista ko naira.

Ƙonni ta saba da zaman tsakiya tun kafin Bature ya san da ita. Kabi na yamma da kudu, Gobir na gabas, Adar da Abzinawa na arewa, kowa kuma yana da ido a kan kwarin Magiya da hanyoyin fatake. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karya ikon Kabawa a Adar ya kafa sarautar da zuriyarsa ke riƙe da ita a Illela har yau. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa suka shimfiɗa hannu a kan Ƙonni. A ƙasar Ƙonni kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka daɗe zaune, a Maratta kuma, kusa da Galmi, aka haife shi a 1754. Bayan hijirar Gudu a 1804, Matankari da Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu suka ci, tun kafin a gwabza a Tabkin Kwatto. Daga nan har ƙarshen ƙarni, fuskar Ƙonni Sakkwato take kallo.

Iyaka a wancan zamani ba zare ba ce da ake ja a ƙasa. Ana gane ƙarshen ikon sarki ta wajen wanda ke aiko masa da gaisuwa, wanda ke kawo dakaru in an buga tambarin yaƙi, da ayarin da takardarsa ke iya karewa. Tsakanin ƙasa da ƙasa akwai daji, kuma gari ɗaya kan iya kai gaisuwa Sakkwato ya kuma ba Abzinawa abin da zai sa su bar masa gero. Dabarun zama da maƙwabci kuwa cike suke. Akwai amana, wadda ake ba baƙo ko garin da ya miƙa wuya. Akwai gidan Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, inda ake rubuta wasiƙu ana karɓar manzanni. Akwai doguwar muhawarar da Muhammadu Bello ya yi da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ta hanyar wasiƙa, a kan wane yaƙi ne halal tsakanin Musulmi da Musulmi, tambayar da masanan dokar duniya ke fama da irinta har gobe. Akwai kuma Lafiyar Toga, sulhun da aka ƙulla a 1867 tsakanin Sakkwato da Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda ya ba ƙasar hutun shekaru kafin a koma wa takobi. Duk wanda ya ce Turawa ne suka koya mana aika jakada bai leƙa wannan tarihi ba.

Turawan farko ma a matsayin baƙi masu neman amana suka zo. Klafaton ya sauka Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu. Bat, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sami takardar izinin ciniki daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853. Salon ya sake a 1885, lokacin da Joseph Thomson ya zo a madadin kamfanin Ingilishi na Goldi ya koma da wata takarda daga fadar Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu. Fada ta ɗauka izinin ciniki ta bayar, a biya ta wani abu duk shekara, kamar yadda ake yi da kowane baƙon ɗan kasuwa. Kamfanin kuwa ya kai takardar Turai yana nunawa a matsayin shaidar cewa ƙasar ta shiga hannunsa.

Ana yawan cewa a taron Balin na 1884 zuwa 1885 aka raba Afirka. Iyakar Ƙonni dai ba a can aka ja ta ba. Balin ta yi magana ne a kan Kwango, da zirga-zirgar jirage a kogin Kwara, da sharuɗɗan mallakar gaɓar teku. Maganarmu ta fara ne ranar 5 ga Agusta 1890, sa'ad da Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, da sharaɗin a karkata layin yadda duk abin da yake na daular Sakkwato ne bisa gaskiya zai faɗa wa kamfanin Ingilishi. Firayim Minista Salisbury ya koma majalisa yana ba'a cewa abin da ya bar wa Faransa ƙasa ce mara nauyi, wato rairayi.

Wannan sharaɗi ne ya zama ƙashin rigima shekara takwas. Ina Sakkwato ta ƙare? Ingilishi suka miƙe ta har Adar da Abzin. Faransawa suka ce a'a, Kabi ba ta bin Sakkwato, Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi yaƙarta suke yi tun zamanin Bello, Damagaram kuwa da Barno take da alaƙa. Kowane ɓangare ya zama masanin tarihin Hausa dare ɗaya, yana tsintar abin da ya yi masa daɗi. Faransa ta turo Monteil, wanda ya iso Sakkwato a 1891 ya tarar babu wani wakilin kamfanin da ke zaune a can, ya kuma karɓi tasa takardar daga Sarkin Musulmi Abdurrahman. Ta turo Cazemajou, aka kashe shi a Damagaram a watan Mayun 1898. A Bargu kuwa sojojin ƙasashen biyu sun yi cirko-cirko, saura ƙiris a harba.

Tsoron wannan yaƙi ya haifi yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 a Paris. Masu zanen, da suka rasa yadda za su yi da tambayar ina Sakkwato ta ƙare, sai suka dasa tsinin kamfas a kan birnin Sakkwato, suka buɗe shi mil ɗari, wato kimanin kilomita 160, suka zagaya. Duk abin da ya faɗo cikin bakan ya zama na Ingila. Ƙonni, mai tazarar da ba ta kai kilomita ɗari ba daga Sakkwato, ta faɗo ciki tsundum, tare da ƙasar Malbaza da Galmi da Madawa. Illelar Adar tana daf da bakin layin. Tawa ta tsira a waje. Ba a tambayi Sarkin Musulmi ba, balle Sarkin Ƙonni ko Sarkin Adar, kuma a ranar da aka sa hannu babu Baturen Ingila ko ɗaya da ke da bariki a cikin wannan da'ira.

Abin da kamfas bai nuna ba shi ne ruwa. Burin Faransa ta haɗe mallakarta ta Sudan da tafkin Chadi, hanyar da aka bar mata kuwa ta bi ta arewa da bakan ne, inda rijiya ke da nisa da 'yar'uwarta. A farkon 1899 Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine suka taso daga bakin Kwara da runduna mai ɗimbin jama'a: sojoji, 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, mata, dawaki da shanu. Irin wannan taro ba ya rayuwa a hanyar hamada. Sai suka ratso kudu, cikin ƙasar da gwamnatinsu ta riga ta sa hannu cewa ba tata ba ce, suna cin garuruwa suna ƙonewa. Ranar 16 ga Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A farkon Mayu suka iso Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa da yawan jama'a. Suka fasa shi, suka karkashe mutane ba tare da duba mace ko yaro ba, suka kwashi bayi, suka cinna wuta. Laftanar-Kanal Klobb, wanda aka turo daga baya ya karɓe rundunar, bai sha wahalar neman sawunsu ba: toka da gawarwaki da rijiyoyin da aka ɓata su suka yi masa jagora.

A nan ya kamata malamin aji ya dakata ya bar ɗalibai su yi tunani. Ranar da aka ƙone Ƙonni, a takarda tana ƙarƙashin inuwar Ingila. A al'ada tana ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Wanda ya ƙone ta hafsan Faransa ne da ya tsallake layin da ƙasarsa ta amince da shi. Iko uku suka haɗu a kan gari ɗaya, ba wanda ya tare wa mutanensa harsashi. Abin da littattafai ke kira yankin tasiri alkawari ne tsakanin Bature da Bature cewa ba za su yi faɗa da juna a kan wuri kaza ba. Ba a yi wa mazauna wurin alkawarin komai ba. Hankalin Paris ma bai tashi sosai ba sai da Voulet ya sa aka harbe Klobb a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan, wani sashenta ya kai Chadi, aka haɗu da wasu rundunonin Faransa aka kashe Rabe, mai mulkin Barno, a Kusuri a watan Afrilun 1900. Binciken da aka buɗe a Faransa an rufe shi a 1902, aka jingina abin ga haukan da zafin Sudan ke sa wa Bature. Ƙasar da aka ci ta wannan hanya kuwa ba a mayar ba.

Matsalar ruwa ba ta mutu da Voulet ba. Da Faransa ta kafa yankin soja na uku a 1900, Kanal Péroz ya ga cewa kai abinci da harsashi Damagaram ta Filinge da Tawa aiki ne mai cin raƙuma da mutane, musamman da rani. Hafsoshi suka yi ta rubuta wa Paris cewa in ba a samu hanya mai rijiyoyi ba, riƙe Damagaram zai gagara. Ingila ta ji, ta yi shiru, domin wanda ke da abin da ake nema ba ya gaggawa. Kafin nan ita ma ta cika da'irarta da bindiga: Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli.

Abin da ya kwance ƙullin daga nesa ya zo. Ƙarfin Jamus ya sa Ingila da Faransa suka ga gara su share tsoffin rigingimunsu gaba ɗaya, suka yi haka ranar 8 ga Afrilu 1904. Faransa ta sakar wa Ingila Masar, Ingila ta sakar mata Maroko. Sai wata tsohuwar magana: tun yarjejeniyar Utrecht ta 1713 masuntan Faransa ke da haƙƙin kamun kifi da shanya shi a wani sashe na gaɓar Newfoundland, can gefen Kanada, abin da ya daɗe yana ci wa mazauna tsibirin tuwo a ƙwarya. Faransa ta yarda ta saki wannan gata. A madadinsa aka ba ta tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da Yarbutenda a kogin Gambiya, da gyaran iyaka tsakanin Kwara da Chadi don ta sami hanyarta mai ruwa. Da kifin tekun da Ba'adare bai taɓa jin sunansa ba aka sayi rijiyoyin Adar.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: ko a 1904 Ƙonni ba ta koma Faransa ba. Sabon layin ya bi ta wani wuri mai tazarar kilomita 20 arewa da Ƙonni, ya miƙe zuwa kilomita 15 kudu da Maraɗi. Illelar Adar da Madawa da Maraɗi suka tabbata a hannun Faransa, Ƙonni ta kwana a Najeriya. Sai da aka duba rahoton masu awon ƙasa, Elliot na Ingila da Moll na Faransa, aka sake zama a Landan, yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906 ta sauko da layin kudu da garin. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasa da ƙafa da doki daga Kwara har Chadi suna tambayar dagatai wa ke bin wa, suna kafa turaku, guda 148, aka tabbatar da aikinsu a 1910. A wannan karon an ɗan saurari tarihi: an yi ƙoƙarin barin Maraɗi da Tasawa da Damagaram a dunƙule. Ƙonni ce ta biya kuɗin wannan gyara, don an yanke ta daga Sakkwaton da ta bi shekara ɗari aka ɗaura ta ga hanyar Yamai zuwa Damagaram. Wanda ya bi babban titin ƙasa a yau daga Dogon Dutsi zuwa Ƙonni, Malbaza, Galmi, Madawa har Maraɗi, a kan buƙatar hafsoshin Péroz yake tafiya.

Turawan biyu, masu ja-in-ja a kan kowace rijiya, ba su yi gardama ba da aka zo maganar tawaye. A farkon 1906 Malam Shu'aibu Ɗan Makaho, wanda ya tsere wa Faransawa bayan boren Kobkitanda a ƙasar Dosso, ya ɓullo a Satiru kusa da Sakkwato, inda talakawa suka karya wata rundunar Ingilishi a watan Fabrairu. A watan Maris aka shafe Satiru daga doron ƙasa. Tun daga lokacin kumandan na wannan gefe da razdan na wancan suka gane cewa abokin gabansu ɗaya ne.

Talaka shi ma ya koyi karatun layin, ya mai da shi abin amfani. In haraji da aikin tilas da ɗibar soja suka yi tsanani a ƙasar Faransa, sai a wayi gari ƙauye ya ragu, an tsallaka wajen dangi. Aikin tilas bai ƙare ba sai 1946. Daga 1940 zuwa 1942, da Nijar ta bi gwamnatin Vichy, turakun Tilho suka zama iyakar yaƙin duniya, Ƙonni da Illelar Najeriya suna hararar juna a kan rigimar da ba tasu ba.

Bayan 'yancin kai a 1960 babu wanda ya tumɓuke turke ko ɗaya. A taron Alƙahira na Yulin 1964 ƙasashen Afirka suka yarda kowa ya riƙe iyakar da ya gada, don in aka fara warware ɗinkin ba a san inda zai tsaya ba. A ƙarshen wannan shekara 'yan Sawaba na Djibo Bakary suka kutso da makamai ta kan iyakoki, har da yankin Ƙonni, aka murƙushe su. Lokacin yaƙin Biyafara, Shugaban Nijar Diori Hamani ya tsaya da gwamnatin tarayyar Najeriya duk da cewa zuciyar Paris na wajen 'yan aware. Shugaban da kusan duk hanyoyin cinikinsa ke fuskantar kudu ya san inda maslaharsa take. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya mai mazauni a Yamai, a 1975 aka kafa CEDEAO, a 1979 ta ba 'yan ƙasashenta izinin shiga da fita ba biza. A 1990 aka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai, ciki har da Magiya, wadda ke ratsa ƙasar Malbaza da Ƙonni ta zuba a tafkin Kalmalo a Najeriya. Duk madatsar da aka gina a sama don noman rani, manomin ƙasa yana ji a jikinsa.

Darasin takunkumi kuwa mutanen Ƙonni ba sa buƙatar a karanta musu shi daga littafi. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyaka ana tsakiyar fari, har yunwar shekarar ta ɗauki sunansa a bakin mutanen Nijar. Ba a buɗe ba sai 1986. A Agustan 2019 aka sake rufewa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, sai Disamban 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, Illelar Najeriya na cikinsu. Na uku shi ne mafi zafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita, aka fara maganar turo soja. Manufar takunkumi ita ce a matsa wa masu mulki. Wanda ya fara jin matsin shi ne mai albasar Galmi da buhunansa ke ruɓewa, da direban da motarsa ta yi watanni a tsaye, da ɗan canjin da ke zaune da sefa da naira ba mai tambaya, da mai awaki da ya saba kai su kasuwar Illela. Masu babura dai sun san hanyoyin daji, farashi ne kawai ya ninka.

Da jami'an gwamnati suka kasa shiga Yamai, wa aka nema? Tawagar farko ta CEDEAO, ƙarƙashin Janar Abdussalami Abubakar, da Sarkin Musulmi Sa'adu Abubakar aka haɗa ta, ko da yake ba ta sami ganin Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, a zuwan farko ba. Wanda ya fara ganinsa daga Najeriya shi ne Muhammadu Sanusi na Biyu, ranar 9 ga Agusta, sai tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau bayan 'yan kwanaki. Sanatocin arewacin Najeriya suka fito fili suka ƙi yaƙi, suna cewa ba za a harbi Nijar ba tare da an sami Sakkwato da Katsina ba. Rawani da alaƙar malanta, waɗanda kamfas ɗin 1898 bai lissafa da su ba, su suka buɗe ƙofar da takardun ma'aikatun waje suka kasa buɗewa. Kada dai a zuzuta abin: ba su mayar da hamɓararren shugaba Bazoum kan mulki ba, ba su kuma hana rabuwa ba. Sun taimaka an kauce wa yaƙi ne.

CEDEAO ta janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris, Nijar ta biyo baya a cikin watan, motoci suka sake motsi tsakanin Ƙonni da Illela. Amma kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a Satumban 2023, ficewarsu daga CEDEAO kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Yarjejeniyar 1979 da ta sa ɗan Ƙonni ke zuwa Sakkwato ba biza ta ƙungiyar da ƙasarsa ta bari ce. Bayan ficewar ya ci gaba da wucewa ne bisa sanarwar CEDEAO cewa a ci gaba da haka har sai an sake magana. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya, Yusuf Tuggar, ya je Yamai ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka amince a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa ta 1971, a tattauna tsaro da ciniki da wutar lantarki ƙasa da ƙasa, ba ta hannun wata ƙungiya ba.